Mai Ƙona Ruwa Ya Je Yamai

Tun da muka dawo daga Yamai ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har telan da ke mini ɗinki a kasuwar Boɗinga sai da ya tsayar da kekensa ya ce, "Malam Nasiru, wai gaskiya na kun tahi Nijar ƙona ruwa kun dawo hannu rabbana?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da ni kaina ban fito da kyau ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Boɗinga. Abin da na shafe shekara biyu ina fama da shi ba wani abin ɓoye ba ne. Ruwan da muke sha iska biyu ne a haɗe, ɗaya ana ce mata haidurojin, mai kama wuta, ɗaya kuma oksijin. In ka tsoma ƙarfe biyu a ruwa ka ba su lantarki, ruwan zai rabu, iskar ta riƙa fitowa kumfa-kumfa. Sai dai ruwa yana da taurin kai. Zai sha maka wuta mai yawa ya ba ka iska kaɗan, sai fa in an shafa wa ƙarfen wani abu da ke sauƙaƙa rabuwar, wanda muke kira katalis a aji. Masu hali suna amfani da filatinam da danginsa, abin da ko a hoto makarantarmu ba ta da shi. Ni kuwa na karanta cewa ƙarfe na banza, in aka jiƙa shi kwana biyu a ruwan wani koren gari, gishirin nikel, yana yin wata baƙar fata mai kama da tsatsa, kuma wannan fatar tana yin aikin daidai gwargwado. A kan wannan baƙar fata duk labarin nan yake.

Wanda ke yanko mini fallayen ƙarfen shi ne Baba Mani, mai walda a Shagari. Ya haura sittin, gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma yana da ƙa'ida ɗaya da duk garin ya sani: aiki ba ya fita shagonsa sai yana ƙyalli. Yadda wasu dattawa ke yawo da goro a aljihu, haka shi yake yawo da guntun samfefa, takardar goge ƙarfe. Ya shiga aikin nan ne don yana son wuta mai tsabta ta liƙin ƙananan kaya, wadda za ta fito daga ruwa da hasken rana, ya huta da warin gas.

Bara ya yi gaggawa. Ya matsa mini muka gwada a kasuwar Shagari da fallaye farare tas, tun kafin in iya jiƙa su. Jama'a suka taru, ruwa ya yi ɗan kumfa, Baba ya ƙyasta ashana har ta ƙare, ba wuta ba alamarta. Wani babban mai albasa, Alhaji Ɗanjumma, wanda rumfarsa ke kallon shagon Baba, shi ya fara cewa "Mai ƙona ruwa", sunan kuwa ya bi shi. Mutumin da aka shekara arba'in ana kawo wa aiki daga ƙauyuka, sai ga shi in ya wuce ana miƙa masa buta ana cewa ya kunna musu taba. Yana dariya, amma na san abin yana cin sa.

Bana aikin ya yi. Na jiƙa fallaye goma sha biyu a makaranta, na jera su bibbiyu a kwalabe shida, na zuba ruwan soda irin ta masu sabulu, na jona da batirin mota da muke cikawa da sola. Iskar ta bi tiyo, ta ratsa wata kwalbar ruwa da muke sawa a tsakani don kada wuta ta koma baya, ta fito ta bakin allura. Baba ya ƙyasta ashana, wuta ta tsaya cak. Mu biyu kawai muka gani. Bayan kwana uku kuma za mu tafi Yamai, inda aka gayyaci malaman kimiyya da masu sana'ar hannu su nuna abin da suka haɗa da kayan gida.

Na baro Boɗinga bayan asuba da kwalin kwalabe, batir, da fallayen a naɗe cikin tsumma. A Shagari na iske Baba ya sha sabuwar shadda mai ruwan ƙasa, matarsa Inna tana ƙofar gida tana suyar masa a tandarta baƙa wuluk, wadda ta ce ta gada daga uwarta. Ta cika mana leda har tana zufa. A tasha kuwa Alhaji Ɗanjumma yana tsaye ana loda masa buhuna.

"Mai ƙona ruwa!" ya kwaɗa kira. "In kun isa ku kunna musu gulbin nan nasu, mu hango hayaƙi daga nan."

Baba ya juya a hankali. "Ɗanjumma, ka jira ni. Hoto za ni kawo ma, ni da wutar, gaban manyan malamai. In ban kawo ba, ka kira ni abin da kaka so hal in mutu."

Na so ya yi shiru, amma magana ta riga ta fita a gaban mutane.

Motar da muka samu irin wadda ake zama huɗu a baya biyu a gaba ce, ga buhunan albasa a but har murfin ba ya rufuwa. Batir yana tsakanin ƙafafuna, kwali a cinyar Baba. Kafin Tambuwal ƙafata ta hagu ta daina sanina. Direban, wani dogo mai yawan magana, da ya ji abin da muka ɗauko sai ya ce in dai gaskiya ne mu fara da tankinsa, ga jarkar ruwa nan a baya. Wata tsohuwa da ke zuwa suna a Jega ta ce ita dai a sauke ta kafin a fara. A Jega muka sauya mota, muka bi ta Bunza, rana ta take sosai kafin mu ga Kamba.

A kan iyaka aka duba katin shaida da katin rigakafi, ba matsala. Matsalar tana cikin jakata. A ɓangaren Nijar wani jami'i siriri, mai ladabi ƙwarai, ya zaro kwalbar koren garin nan da na ɗauko ko da za a buƙata. Ya ɗaga ta a rana, ya tambaye ni takardarta. Na fara yi masa bayani da Turanci, ya amsa da Faransanci, muka kalli juna, sai muka koma Hausa kamar yadda ya kamata tun farko. Ya ce bai ce ƙarya nake ba, amma gari marar takarda ba ya wucewa. Gaskiyarsa ce, na bar masa kwalbar. Ban damu ba, tunda fallayen sun riga sun jiƙu.

Daga nan ya kwance tsumman. Ya ɗaga falle ɗaya da yatsa biyu, yadda ake ɗaga mataccen ɓera, ya ce, "Wannan bolar za ku kai Yamai?" Abokan aikinsa suka yi dariya, ba da mugunta ba.

Ranar ce Baba ya fara ganin fallayen a fili, domin da a cikin kwalba kawai yake hango su. Da muka koma mota ya ce, "Malam, mi yas samu ƙarhen ga? Hwari tas nib ba ka shi."

Na ce, "Baba, bar shi hakanan, sha'anin kimiyya na."

Ya juya yana kallon hanya. Ni kuwa hankalina yana kan ƙafata da ta fara dawowa da ƙaiƙayi.

A Gaya muka kwana, a wani masauki mai ɗakuna jere da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Abin da zan tuna da shi shi ne mariƙin ƙofar ɗakinmu. Da muka shiga tsatsa ce a jikinsa. Da safe da na dawo daga alwala na iske Baba a tsugune yana ƙarasa shi da samfefa, yana walƙiya kamar sabon kwabo. Mai masaukin ya zo ya gani, ya riƙe baki, ya tambaya ko Baba zai ƙara kwana ya bi sauran ƙofofin. Muka yi ta dariya, har da ni, wanda ya kamata a ce na fahimci wani abu.

Karin kumallon can daban ne. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa mai tauri, ana tsaga shi a cusa ƙwai. Baba ya gwada da haƙoransa, ya ajiye, ya ce wannan sai da zarto. Ya koma kan sauran masar Inna. Ni kuwa na ci nawa na ci nasa. A Dosso mota ta tsaya muka ci dambu da zogale wanda Zabarmawa ke kira kopto, ya sha ƙuli da mai, kuma wannan kam Baba ya yarda abinci ne. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofin gilashi yake, ɗaci kamar magani, kuma sau uku ake zubawa. Na sha na farko na miƙe, mai shayin ya dube ni kamar na fita sallah tun raka'ar farko.

Yamai gari ne mai faɗi da yashi. Abin da ya fi ɗaukar idon Baba mata ne a kan babur, da lulluɓinsu da jakarsu, suna ratsa motoci ba ko gezau. Ya ce in Inna ta ga wannan, shi da babur ɗinsa sai kallo. Abin da ya ɗauki nawa idon shi ne yadda gari ke mutuwa da tsakar rana: a rufe ofis, a tafi gida a ci abinci a kwanta, sai la'asar ta kusa a dawo. Muka koyi cewa "fofo", gaisuwar Zabarmawa, Baba ya riƙa raba ta ga kowa har da wanda ya taka shi a tasi. An sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai, gado biyu, fanka mai kuka, da baranda mai kallon bishiyar dogonyaro.

Ranar farko ta taron kallo muka yi. Wasu daga Gana sun zo da na'ura cikin akwatin gilashi mai fitilu kore da ja. Wasu daga Abijan nasu ƙarfen har fuskarka kake gani a ciki. Da rana aka kawo ganye ɗanye da cokali mai yatsu, Baba ya tambaye ni a kunne ko tuwon yana tafe ne a baya. Amma na lura ba abincin ne ya dame shi ba. Yana bin teburan nan ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, yana duba haɗin kowane ƙarfe. Da yamma ya sake cewa, "Malam, namu hakanan za mu aza shi bisa tebur, baƙi ƙirin?"

Ina rubuta abin da zan faɗa gobe, ko kai ban ɗaga ba. Na ce, "Baba, na ce maka ka bar wannan gare ni."

An sa mu ƙarfe goma na safe a rana ta biyu. Da hantsi ya fara na fita neman soda wurin masu sabulu, domin ba a yawo da ruwanta a mota. Na ɗan ɓace a kasuwa, na yi ta fofo har na samu. Da na dawo, tun daga ƙofa na ji wani sauti da na sani: ƙarr, ƙarr, ƙarr.

Baba yana zaune a baranda a kan tabarma, ya cire shaddarsa ya rataye don kada ta ɓaci. Gefensa kwanon toka da ya roƙo wurin mai shayi, da samfefa, da tsumma. A jikin bango ya jera fallaye takwas a rana, kowanne yana ɗaukar ido. Ya ɗago fuska cike da murna, zufa na bin gemunsa.

"Saura huɗu, Malam. Yau ba mai ce ma aikinmu bola."

Ledar soda ta faɗi daga hannuna. Abin da na faɗa ba zan ɓoye ba, tunda na yi alkawarin faɗin komai. Na ɗaga murya a kan mutumin da ya girmi babana. Na ce wa ya sa shi. Na ce shekara biyu ya goge da toka. Na ce abin da mutum bai sani ba ya bar wa waɗanda suka sani. Ɗalibai biyu suka leƙo ta taga suka koma.

Baba ya ninke samfefar nan sau biyu ya sa a aljihu. Da na gaji na zauna a bakin baranda, sai ya ce, a hankali, "To Malam, baƙin nan, mine ne shi?"

Na gaya masa, da farko cikin fushi, daga baya cikin gajiya. Na ce baƙin shi ne aikin, ƙarfen abin riƙe shi ne kawai. Na ce a jikin baƙin ne ruwa ke rabuwa cikin sauƙi, shi kuma ba ya ƙarewa, yana nan yana ta yi. Farin ƙarfe kuwa sai ya sha wuta mai yawa kafin ya saki iska. Bayanin duka bai kai minti biyu ba.

Baba ya dubi fallayen nan masu ƙyalli, ya daɗe. Sannan ya ce, "Wato tanda ta."

Na ce, "Na'am?"

"Tanda ta, irin ta Inna. Baƙin shi ka sa masa ta tashi ba ta kama ba. Wata baƙuwa ta taɓa wanke mata ita da toka, wai taimako, kwana ukku masa na liƙewa." Ya juyo ya dube ni. "Da kac ce mani tanda ta, Malam, ko hannu ba ni kai mata. Sau biyu nit tambaye ka."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba. Shekara biyu mutumin nan yana yanka mini ƙarfe, yana shan dariyar kasuwa saboda aikina, ban taɓa zama na gaya masa abin da muke yi ba, don na yanke a raina cewa wanda bai yi boko ba ba zai gane ba. Ga shi ya gane kafin in rufe baki, har ya ba ni misalin da ni ban taɓa samu ba. Koren garin da za mu sake jiƙawa yana can kan iyaka, kuma ko yana nan, kwana biyu ake so, mu kuwa awa ɗaya gare mu.

Na ce mu ce musu ba mu shirya ba. Baba ya miƙe ya ɗauko shaddarsa. Ya ce mun sha hanya, kuma shi bai saba ɓoye aikinsa ba, mai kyau ko marar kyau.

Muka haɗa kwalaben a gaban mutane kamar hamsin. Shugabar masu duba aikin wata farfesa ce Bazabarma, ana ce mata Madam Hadiza, doguwa mai tabarau a kan goshi, Hausarta tana da ɗan karkace amma ba ta tuntuɓe. Na jona batir. Kwalabe biyu masu baƙi da huɗu masu fari duk a layi ɗaya suke, sai fararen suka riƙe wutar, kumfa ta riƙa fitowa kamar ana roƙonta. Baba ya ƙyasta ashana. Fat, ta mutu. Ya sake. Fat. A ta uku wani ya yi tari irin na ɓoye dariya, na ji kamar muna kasuwar Shagari bara.

Ina neman abin da zan ce, sai Baba ya ajiye ashana ya fuskanci jama'a. Da Hausa ya yi, Madam Hadiza tana juyawa da Faransanci. Ya ce aikin yana yi, ya gani da idonsa. Ya ce shi ne ya goge maganin da safen nan da toka, don ya ga na kowa yana ƙyalli ya ji kunyar nasa. Bai ambaci laifina ba ko da kalma ɗaya, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce ya faɗa.

Madam Hadiza ta sauke tabarau daga goshi zuwa ido. Ta ce a ciro mata kwalba ɗaya mai fari da ɗaya mai baƙi. Ta sa aka kawo wata na'urar ba da wuta daga teburin mutanen Gana, ta ba kowace kwalba wuta daidai da 'yar'uwarta, ta kifa gorar ruwa a kan tiyon kowacce don iskar ta taru. Mai baƙin ta kama tafasa da kumfa, ruwan gorarta yana sauka ana gani. Ta cika da iska, mai farin ko rabi ba ta kai ba.

"Malam," ta ce da ni, "ka taɓa jera su haka, fari da baƙi, ƙarfe ɗaya, ruwa ɗaya?"

Na ce ban taɓa ba.

"To tsohon nan ya yi maka gwajin da ya kamata ka fara yi. Tun jiya ake gaya mini magani yana aiki. Yau na gani."

Aka tafa. Mai ɗaukar hoto ya matso, Madam ta ce Baba ya riƙe gorar a ɗauke su tare. Ni har na fara murna, na ce ga abin kai wa Alhaji Ɗanjumma ya samu. Baba ya girgiza kai. "Ranki shi daɗe, wuta nic ce musu, ban ce gora ba." Ta tambayi labarin, na ba ta a taƙaice. Da za mu tafi washegari ta aiko a kira mu, ta kawo ƙullin koren garin nan da takarda mai hatimi saboda kan iyaka. Na miƙa hannu, ta wuce ni ta sa a hannun Baba.

A hanyar dawowa, muna zaune a Dosso muna jiran mota ta cika, na ce, "Baba, ka yahe mani. Abin da nih hwaɗi, da wanda ban hwaɗi ba tun da wuri."

Ya kurɓi shayinsa na biyu. "Ya wuce, Malam. Amma garin ga, ni za ni jiƙa shi. Ka gaya mani awonai, cokali nawa, ruwa nawa, kuma ka gaya mani dalili."

Tun daga Dosso har Gaya ina bayani yana tambaya. Wasu tambayoyin sai da na ce zan duba littafi.

Jami'in nan siriri ya karanta takardar hatimi, ya sara mana, har ya tambayi lafiyar bola. Mun iso Shagari ana kiran la'asar, kuma kamar an aika masa, Alhaji Ɗanjumma yana tasha.

"Maraba da mutanen Yamai! Ina hoto?"

"Babu," in ji Baba. "Wuta ba ta kama ba. Ni nib ɓata aikin da hannuna."

Dariyar da aka yi har masu lodi sai da suka ajiye buhu. Baba ya ɗauki kwalinsa ya ratsa su ya wuce gida. Labarin ne ya riga ni isa Boɗinga, shi ya sa telana ya tare ni da shi.

Kwana shida ban ji daga gare shi ba. Ranar kasuwar Shagari ya aiko in zo da batir cike. Na iske ya fitar da tebur ƙofar shago, daidai inda aka yi abin bara. Ya jiƙa fallayen da kansa a wata tsohuwar robar Inna, sun yi baƙi fiye da nawa, kuma sun fi nawa daidaituwa, don ya wanke maiƙon jikinsu kafin ya tsoma, abin da ni ban cika kula da shi ba. Har ya yi guda biyu na ajiya ya jingine a gefe. Kafin mu gama haɗawa mutane sun kewaye mu, Alhaji a sahun gaba, ya harɗe hannu a kan tumbi.

Na jona. Kwalabe shida suka ɗauki tafasa. Baba ya bari iska ta kori ta cikin tiyo, ya yi bisimilla, ya ƙyasta ashana ya kai bakin allura, ya jefar da ashanar. Na ji ɗan sautin nan, sss, na san ta kama. Sai dai wutar wannan iska ba ta da launi sosai, a tsakar rana da ƙyar ake ganinta.

"To, ina wutar?" in ji Alhaji. "Ko ita ma tana Yamai?"

Baba ya miƙa hannu ya zaro busasshen ganyen albasa da ya maƙale a kafaɗar rigar Alhaji, ya kai shi gaban allurar. Ganyen ya kama bal, ya zama toka. Ya ɗauki ƙusa da filaya ya riƙe a wurin. Muna kallo bakinta ya yi ja. Wani daga baya ya yi salati da ƙarfi, sai kasuwa ta ɗauka.

Alhaji Ɗanjumma ya matso, ya leƙa kwalaben, ya leƙa ƙarƙashin tebur ko akwai tukunyar gas a ɓoye. Da bai ga komai ba, sai ya ɗauki ɗaya daga fallayen ajiyar nan ya juya shi. "To, ta kama. Amma Mani, kai da ba ka barin dauɗa, ka bar ƙarhe haka?" Ya kama bakin rigarsa zai goge.

Baba ya cafke masa wuyan hannu. "Kul! Tanda ta."

Ya karɓe fallen, ya ɗaga shi sama, ya yi wa kasuwar Shagari bayanin katalis da tandar Inna. Masu albasa, teloli, mahauta, duk suna gyaɗa kai. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan darasi a allo, ban taɓa ganin an gane shi da sauri haka ba. Ina tsaye a gefe riƙe da wayar batir, ba wanda ya tambaye ni komai, kuma daɗi ne ya cika ni har idona ya kawo ruwa.

Da jama'a suka watse ya ce in samo masa mai rubutun allo a Boɗinga, yana son sabon allo a saman shago. Na ciro biro na tambaye shi abin da za a rubuta, ko cikakken sunansa, Usmanu Mai Walda, kamar na da.

Ya dubi rumfar Alhaji Ɗanjumma, inda Alhajin ke ta ba wasu baƙi labari da hannu biyu kamar shi ya kunna.

"Rubuta sunan da sunka ba ni," ya ce. "Da manyan baƙaƙe."

Allon yana nan yanzu, duk mai wucewa ta Shagari zai gan shi daga titi: MAI ƘONA RUWA. Kullum da safe Baba yana hawa benci ya goge shi da tsumma har sai ya yi ƙyalli.